Babban Baƙi a Bakin Ƙorama

Cikin shekara 18 da ya yi yana koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa a wata jami'a ta arewacin Nijeriya, babu kuskuren da idon malamin ya fi saurin cafkewa kamar babban baƙin da aka dasa inda bai dace ba. Ɗalibai sun san shi da haka, har sukan ce jan alƙalaminsa yana jin ƙanshin babban baƙi tun takarda tana cikin jaka. Saboda haka da ya iske wani ɗan aji biyu ya rubuta a jinga cewa mahaifinsa manomin rake ne a Ƙorama, da Ƙ babba, bai tsaya dogon tunani ba. Ya zagaye harafin, ya rubuta a gefe cewa ƙorama suna ne gama-gari kamar kogi da rafi da tafki, ya zabge maki ɗaya, ya wuce takarda ta gaba.

Kashegari ɗalibin ya yi sallama a ofishinsa. Yaro ne mai natsuwa, cikin 'yan Nijar da kan tsallako karatu. Ya rusuna ya gaishe shi, sannan ya miƙa takardar da hannu biyu. "Allah shi gafarta Malam," in ji shi, "wannan ba wata ƙorama ba ce, Ƙorama ce. Sunan wurin ke nan." Ya bayyana cewa wani dogon kwari ne a kudancin Damagaram, wanda ya ratsa ƙasashen Kance da Mirya da Magarya, kuma duk wanda aka haifa a can, in ya ce za shi Ƙorama, ba mai tambayarsa wacce. Malamin ya mayar da makin, ya sallami yaron da fara'a. Amma bayan an rufe ƙofa ya daɗe zaune bai taɓa sauran takardun ba, domin ba ranar ya fara jin kalmar a irin wannan matsayi ba.

Mahaifinsa tela ne a Fagge. An kawo shi Kano almajiranci yana ɗan shekara 8 ko 9, wajen ƙarshen zamanin Turawa. Malamin da ya kawo shi ya rasu, shi kuwa ya zauna, ya koyi ɗinki, ya auri Bakanuwa, bai sake komawa ba. In an tambaye shi asali sai ya ce shi mutumin Damagaram ne, in an matsa ya ce daga Garin Malam, daga nan ya ja bakinsa. Abin da bai iya ɓoyewa ba shi ne harshensa. Shekara 60 a Kano ba su raba shi da "lahiya" da "tahiya" da "hura" ba; lambu a wurinsa garka ce, gero hatsi ne, 'yarsa ɗiyarsa ce, asibiti kuwa likita. Yaran unguwa suna kiran 'ya'yansa 'yan Faransa, kamar yadda aka saba kiran mutanen Nijar a da, shi kuwa ɗan, tun yana firamare, ya ɗaukar wa kansa aikin gyara wa uban baki. "Baba, ba likita ake cewa ba, asibiti. Likita mutum ne." Tsohon yakan yi murmushi ya ce, "To, Malam," ya ci gaba da taka keke. Ba mamaki a wannan shagon ɗinki ne sana'ar jan alƙalami ta tsiro.

A ciwon ajali, da aka yi ta zirga-zirga da shi tsakanin gida da asibiti, tsohon ya kama hannun ɗansa ya ce, "Ku bar kai ni likita. Ku kai ni ƙorama." Ya maimaita sau uku ko huɗu cikin kwana biyu. Matan gida suka ce zafin zazzaɓi ne, sanyin ruwa yake so, suka yi ta shafa masa jiƙaƙƙen ƙyalle. Wani kawu ya ce bushara ce, ƙoramun Aljanna ake nuna masa. Shi malamin bai ce komai ba, amma a ransa ya rubuta jimlar da ƙaramin baƙi, ya ajiye ta cikin maganganun da mai jinya kan yi. Mai nazarin harshe ba zai yi saurin ganin laifinsu ba. Hausa takan bar sunan wuri tsirara bayan aikatau irin wannan: a kai ni kasuwa, a kai ni gona, a kai ni rafi, babu madanganci, babu "wata". Baki kuma ba shi da babban baƙi. Haka malamin yake gaya wa ɗalibai a farkon kowane zango, yana mai ƙara da cewa shi ya sa rubutu ya fi magana tsari. Ko taswira ba za ta cece shi ba da ya duba, domin Faransawa ba su da ƙ mai lanƙwasa, Korama suka rubuta, sunan ya zauna a takarda kamar wata baƙuwar kalma.

Ɗalibin nan ne ya samar masa masauki. Wani ɗan'uwan mahaifiyarsa, tsohon ma'aikacin gandun daji da ke zaune a birnin Damagaram, ya gina ɗan gida a gefen garkarsa a cikin kwarin, gabas da Matamaye, da niyyar ya ƙare kwanakinsa a can, sai ciwon ƙafa ya tsare shi a birni. Yanzu yana ba da gidan haya ga ma'aikatan ayyukan raya karkara da masu bincike, da hunturu kuma ga wasu ma'aikata da kan kawo iyali su sha iska. Aka daidaita a kan kwana 12. Da hutun Disamba ya zo malamin ya kama hanyar Kazaure da Daura, ya ƙetare a Kwangwalam, aka buga masa takarda a Ɗan Barto. Wannan iyaka ce da Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kanta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka kafa mata turaku tsakanin 1906 da 1908, kuma babban dalilin sake zana ta shi ne ruwa: layin farko ya bar Faransawa da hanyar da babu isassun rijiyoyi tsakanin Kogin Kwara da Damagaram, sai suka nemi a tura shi kudu. Gero iri ɗaya ne a gonakin hagu da dama, rumbuna iri ɗaya, amma tun daga shingen kalmomin aro suka juya, agogo ya koma montur, shago ya koma butiki, ɗan acaɓa ya koma ɗan kabu-kabu.

Gidan ɗaki biyu ne na bulo da rufin kwano, da rumfar zana a gaba, da randa a gindin wani mangwaro, da farantin hasken rana guda ɗaya wanda ke iya riƙe ƙwai biyu da cajin waya. An kewaye shi da darni. Wani dattijo ne ke kula da gidan da garkar, matarsa kuma ita ke kawo abinci daga cikin gari, tafiyar da ba ta kai ta shan shayi ɗaya ba. Dattijon ya tarbe shi da gaisuwar da ba ta ƙarewa, ina gajiya, ina tahiya, ina sanyi, ina mutanen Kano, sannan ya juya ga yaran da suka taru a bakin darni ya ce, "Ku gaida Mushe." Malamin ya yi turus. A Kano mushe abin da ungulu ke sauka a kai ne. A nan kuwa malamin boko ne, daga kalmar girmamawa ta Faransanci, kuma karin sauti ya raba kalmomin biyu sarai ga duk mai kunne. A takarda ce kawai suke zama abu ɗaya. Kwana 12 ya yi yana amsa sunan. Ta wajen kuɗi ma sai da ya koma ɗan koyo, domin jika biyar da aka ce masa kuɗin kwana sefa 5,000 ce, mai rake in ta ce dala ashirin sefa 100 take nufi, ɗari kuwa sefa 500. Kowane ciniki sai ya ninka da biyar a zuci, yara suna kallonsa suna mamakin mushen da bai iya lissafi ba.

Mutanen garin ba su gane abin da ya kawo shi ba. Wanda ya zo auna rijiya sun san shi, wanda ya zo ƙirga itatuwa sun san shi, amma mutum ya baro birni da kuɗinsa ya kama ɗaki a bakin fadama don ya huta, wannan sabon abu ne, tun da a wurinsu fadama wurin aiki ce, hutu kuwa a birni yake. Da ya ce asalin mahaifinsa yake nema sai hankalinsu ya kwanta, har aka fara aiko masa da ƙwai.

Safiyar farko ta ba shi kunya. Ya zo da hoton kogi a kansa, irin na Wudil, mai gaɓa biyu da kwalekwale. Da ya fito cikin hazo da sanyin da ya fi na tudu cizo, abin da ya gani shi ne wani shimfiɗaɗɗen kore tsakanin jigawa biyu, rake ya fi mutum tsawo, fangalan albasa da tumatir da salati da kabeji, wanda a can ake ce wa shu, sai kududdufai jefi-jefi da kacalla ta kusa shaƙewa, balbelu na kiwo a gefensu. Ya tambayi dattijon, "Baba, ina Ƙoramar take?" Dattijon ya dube shi kamar wanda ya tsaya a tsakiyar kasuwa yana tambayar kasuwa. "Mushe, ai kana kanta." Ya kai shi wani ɗan gangare, ya sa hauya ya sari baƙar ƙasa kamu biyu, suka tsaya. Kafin su gama gaisawa da wani mai wucewa ruwa ya taru a ramin. "Tana nan," in ji shi. "Tahiya take ta ƙarƙashi."

Haka lamarin kwarin yake. Yashin jigayin da ke kewaye da shi yana shanye ruwan damina, ya riƙa tsatso shi a hankali zuwa gangare, saboda haka ruwan ƙasa yana kusa ko da rani, ko da yake a sarari ba a ganin gudu sai damina ta yi ƙarfi. Kwarin ya miƙe daga yamma zuwa gabas, ta wajen Dungu da Dogo da Waca, cikin yankin da ruwansa ke gangarawa Tafkin Cadi. Tsofaffi sun ce a ƙuruciyarsu ruwa yakan yi watanni yana gudu a fili, ana kama tarwaɗa da ƙarfasa da hannu; yanzu yashi yana cin gefen fadama, wasu wuraren kuma kanwa ta fito fari fat a kan ƙasa ta hana shuka. Jigo ya ɓace. Inda dā ake jan guga da sanda mai nauyi a gindi, yau bututun roba ake kafawa a haɗa da inji, injin kuma yana shan man da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, wanda suke kira ruwa-ruwa, ninkin da zai yi daɗin tattaunawa a ajin ginin kalma. Malamin ya tambayi yara huɗu ma'anar jigo. Ɗaya ya ce babban ɗan siyasa ne. Sauran ukun ba su taɓa ji ba.

Da hantsi yakan hau jigawa ya yi ta tafiya cikin gonakin da aka girbe, kuma a nan ne ya ga abin da ya fi ba shi mamaki a ƙasar, wato gawo. Ba a daji yake ba, a tsakiyar gonaki yake, manya da matasa, ko'ina ido ya kai. Gawo itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina, lokacin da kowa ke kore, shi yakan kakkaɓe ganyensa, hatsi ya samu rana da taki a gindinsa, da rani kuma ya yi lif, dabbobi su samu inuwa da 'ya'yansa. Dattijon ya ba shi labarin da kowa ke bayarwa a Damagaram, cewa Sarki Tanimun, wanda mulkinsa ya ƙare a 1884, ya kafa dokar duk wanda ya sare gawo a sare kansa. Amma itatuwan da malamin yake gani ba na zamanin Tanimun ba ne. Yawancinsu sun taso ne bayan farin 1984, lokacin da manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka koma barin tohon da ya fito da kansa a gona, su rage masa rassa su kiyaye shi, abin da ake kira sassaben zamani. Ba wanda ya dasa su. Saiwar tana nan a ƙasa tun dā, abin da ya sauya shi ne hannun mai sassabe.

A kwanakin farko yana yawo da ɗan littafi, yana tsintar kalmomi kamar mai kalar gyaɗa. Ya cika shafi 20 kafin ya lura cewa kusan duk abin da yake rubutawa ya riga ya ji shi a shagon Fagge. "Shi taho" a maimakon "ya taho", "gaya ma yaro" a maimakon "gaya wa yaro", tabki, ɗiya, garka, hatsi. Waɗannan su ne ya yi ƙuruciyarsa yana gyarawa, su ne kuma yake jerawa a jarrabawa ƙarƙashin umarnin a mayar da su daidai. A nan kuwa liman yana faɗarsu, mai gari yana faɗarsu, jariri yana tashi da su, kuma bakin da ya fita daban a duk kwarin nasa ne. Wata yarinya ma ta kwaikwayi yadda yake cewa "lafiya" ƙawayenta suka fashe da dariya.

Ba wai daidaitacciyar Hausa ta yi laifi ba. Al'ummar da ke son littafi ɗaya ya karantu daga Agadas zuwa Kumasi dole ta yi yarjejeniya, kuma tun daga ƙa'idojin Hans Vischer na 1912, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, abin da aka yi ta nema ke nan, aka kuma ɗora ginin a kan karin Kano. Illar tana wajen mai koyarwa, in ya manta cewa yarjejeniya ce ya ɗauke ta hukunci. Kalmar "daidai" da ke cikin sunan ita ce tarkon, domin yaro ɗan shekara 10 in ya ji an ce wannan ce daidaitacciya, ba sai an gaya masa sunan sauran ba. Shi zai raɗa musu, ya kuma kai sunan gida.

A tsakiyar zaman ya ɗauki kwana biyu ya zaga. Ya bi ta Kance da Takeita, ya wuce Tirmini inda sojojin Faransa suka karya rundunar Sarki Ahmadu Kuran Daga a 1899, shekara guda bayan kashe Kyaftin Cazemajou a birnin, ya shiga Damagaram da azahar. Ya ga Birni da manyan duwatsunsa da gidajen ƙasa masu zane, ya ga ƙofar fada, ya ga Zango inda ayarin Azbin ke sauka, ya tuna cewa Barth ya yi makonni a nan a ƙarshen 1852 da farkon 1853, kuma nan ce hedikwatar mulkin mallakar Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Sarautun fadar, su Ciroma da Yarima da Kaigama, suna tuna wa mai kunne cewa gidan sarautar daga Barno ya samo tushe kafin Hausa ta zama harshensa. Duk wannan ya gani da idon baƙo mai yawon buɗe ido, bai taɓa shi ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne layin jarkoki a bakin famfo da 'yan garuwa masu tura kura, domin birnin a kan dutse yake zaune, ƙishirwa kuma tsohuwar abokiyar zamansa ce, alhali tafiyar awa biyu kudu hauya ke tono ruwa. Kashegari Lahadi ya ci kasuwar Mirya, kilomita 18 gabas da birnin, ya sayi ɗan tulu, ya zarce Gidimuni ya ga tafkinta da dabinai a gindin tudun yashi. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma hankalinsa ya riga ya koma kwari.

Neman Garin Malam ne ya cinye sauran kwanakin. Da ya faɗi sunan, dattijon ya yi dariya ya ce, "Wanne, Mushe?" Duk inda wani malami ya taɓa kafa tsangaya ya haƙa rijiya, gari ya taru, sunan ke nan. Mahaifinsa ya bar masa suna biyu, ɗaya ya ɗauka gama-gari ashe na yanka ne, ɗaya ya ɗauka na yanka ashe ya kusa zama gama-gari. Wani ɗan kabu-kabu ya san guda uku. Suka bi yashi, suna ratsa ayarin amalanken shanu masu kai rake bakin titi inda manyan motoci ke lodi zuwa arewa. A gari na farko mai gari ya tara dattawa, aka juya sunan uban da na kakan, ba wanda ya tuna. A na biyu aka ce garin bai kai shekara 50 da kafuwa ba. A na uku, wanda ke kan wata jigawa tana kallon fadama, aka ce in akwai mai sani to wata tsohuwa ce, aka kai shi zaurenta.

Idonta ya tafi, amma kunnenta garau. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi sunan mahaifinsa da na kakansa. Ta sa ya maimaita. Ta tambayi sunan uwar mahaifin, domin ita ta ɗaki take gane mutane, sai ya ga bai sani ba. Tsohon bai taɓa furta sunan ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Ta yi shiru tana murza carbi. Ta ce a zamanin nan yaran da aka ba malamai suka tafi da su ba su ƙirguwa, wasu sun komo da gemu, wasu ko labarinsu.

"Ban san shi ba, ɗana," in ji ta. "Amma in ya ce Ƙorama, namu ne. An kawo shi?"

"A'a, Inna. A Kano aka rufe shi."

"Allah shi jiƙan shi. Ƙasa duk ta Allah ce."

Da ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma abin da bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa 'yan'uwansa ba, sai ya ji ya fito a gaban wannan tsohuwa da ba ta ganinsa. Ya ce, "Inna, ya ce a kawo shi. Mu ne ba mu gane ba."

Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Babu faɗa a tambayar, neman sani ne kawai. "Da wace Hausa ya gaya muku?"

Bai samu amsa ba. Ta sa jikarta ta dama masa hura, ya sha, ya ajiye mata goro da 'yan kuɗi, suka hau babur.

Daren nan bai yi barci da wuri ba. Yana kwance cikin gidan sauro, injin wani mai ban ruwan dare yana bugawa daga nesa, sai wata ƙa'ida da ya sha koyarwa ta faɗo masa, daga wani kwas dabam, wanda bai taɓa haɗa shi da na ƙa'idojin rubutu ba. Sunan yanka da aka samo daga suna gama-gari yakan gajarta wasalinsa na ƙarshe. Baƙo mai zuwa gida wasalinsa dogo ne, Baƙo sunan mutum gajere. Haka dogo da Dogo, haka azumi da Azumi. In kalmar ta zo ƙarshen zance, gajeren wasalin yakan tsaya cak da 'yar ɗaurewar maƙogwaro, dogon kuwa ya saki a hankali. Ashe baki yana da nasa babban baƙin, a ƙarshen kalma yake sa shi ba a farko ba, kuma rubutun yau da kullum, wanda ba ya nuna tsawon wasali, shi ne ya makance a kansa. Kwana biyun da suka rage ya yi su yana sauraron kalma ɗaya tak. Yakan ja dattijon da hira har ya kai shi inda zai faɗe ta a ƙarshen jimla, ya ja mai rake, ya ja ɗan kabu-kabu, kuma kunnensa ya ba shi cewa a bakinsu sunan yana tsayawa cak.

Sai ya koma ɗakin jinya na shekarun baya, ya sake kunna jimlar a kansa, kamar yadda yake sa ɗalibai su maimaita faifai. Ya ji muryar, ya ji hannun a kan nasa, ya ji "likita" sarai, har da ɗan ɓacin ran da kalmar ta saba tayar masa. Amma wasalin ƙarshe na ɗaya kalmar ya ƙi tsayawa. Wani lokaci ya ji shi gajere, wani lokaci dogo. Mutumin da numfashinsa ya kusa ƙarewa kowane wasali gajartawa yake yi, mai sauraron da ya riga ya yanke ma'ana kuma ba ya jin tsawo. Shaida ɗaya ce, kuma an rufe ta a Kano.

Ranar tafiya dattijon ya ɗaure masa rake guda 10 da igiyar kaba, ya ƙi karɓar kuɗinsu, ya ce na yara ne. Malamin ya cika ɗan tulun Mirya da ruwan ramin da suka tona ranar farko, wanda har lokacin bai ƙafe ba, ya toshe bakin da ganye da leda, ba tare da ya san abin da zai yi da shi ba. Yaran suka raka motar har bakin jigawa suna kiran Mushe. A Ɗan Barto jami'in da ke duba takardu ya leƙa bayan mota, ya ga raken, ya dubi fasfon, ya tambaye shi da Hausa daga ina.

"Daga Ƙorama," in ji malamin.

Jami'in ya buga hatimi, ya miƙo masa fasfon, ya ɗaga wa na baya hannu.